Sunaye Tara Daga Dogo

Kun taso kuna jin ana cewa gwaggonku Rabi mace ce mai riƙo, kuma mijinta Mushe Lawali, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan, ya bar koyarwa ne don an kama shi da son kai a Dogo. Na sha jin kuna maimaita maganar nan a tsakar gida kuna ƙanana, ban taɓa tsawata muku ba. Ina zaune a kan tabarmata ina jinku, in yi kamar hankalina yana kan rediyo. Yanzu da idanuna suka fara gajiya da allon kwamfuta, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya tuna shi a jere. Ba zai yi muku daɗin karatu ba, ni ma bai yi mini daɗin rubutu ba.

A shekarar da nake ba ku labari, ban san wani mutum a duk Damagaram da ke irin aikina ba. Na fara ne da buga takardu a wani biro, wato ofis, a unguwar Zengo. Da ordinater ta shigo, wato kwamfuta, sai na manne mata, ina bugo darussa daga gidan intanet ina zuwa gida ina karantawa, har na iya rubuta shafukan da ake shiga a cike suna da bayani a aika. Ba malami, ba abokin gardama. Idan na zauna a majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar, baduku yana da labarin fatarsa, direba yana da labarin hanyar Magarya, kowa ana tanka masa. Ni kuwa da na fara bayanin abin da ya hana ni sukuni tun safe, sai a ce mini Allah ya taimaka, a koma zancen ruwan famfo da ya kwana uku bai zo ba. Ban ga laifinsu ba. Amma mutum yana son a tambaye shi yaya aka ƙare, ni kuma ba mai tambayata.

Saboda haka na mai da konsol abokin hirata. Duk shafin da kuka buɗe a kwamfuta yana da wata 'yar taga a ɓoye, wadda ba ta fitowa sai an danna wani maɓalli, ita ce konsol. Wanda ya rubuta shafin yana iya sa shi ya riƙa faɗin abin da yake yi a cikin tagar nan, don in abu ya lalace a gane daidai inda ya tsaya. Ni da Hausa nake sa shi magana. Sai ka ga ya rubuta “na iso nan”, can ƙasa “na karɓi suna”, in ya rikice ya ce “Habu, sake dubawa”. Kada ku yi dariya, akwai ranakun da wannan ce kaɗai muryar da ta kira sunana daga safe har azahar. Aibinta biyu ne, kuma duka na san su. A kan allon wanda ya buɗe shafin take magana, ba a kan nawa ba, sannan da an rufe shafin duk abin da ta faɗa ya shafe. Akwai wata hanyar da ake ce wa log, wato kundin da babbar na'urar da ke ajiye bayanan, sarbar, take rubuta duk abin da ya faru, da rana da awa, ko da mai kallo ko babu. Na karanta labarinsa, na ce wannan wahalar manyan kamfanoni ce. Sai ka zauna ka tsara me za a rubuta, ina za a ajiye, yaushe za a share. Konsol kuwa nan take take ba ka amsa, ni kuma mutum ne mai gajen haƙuri, kun sani.

Mutum ɗaya ne yake zama ya saurare ni, Mushe Lawali, mijin yayata Rabi, shugaban lakwal, wato makarantar firamare, a Dogo. Dogon mutum ne mai son tsokana, aljihun rigarsa kullum da burbushin alli. In ya shigo gari ranar Asabar sai ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakina ya ɗaga murya yadda innarku Zainabu za ta ji daga madafa:

“Kai ƙanen mata, har yanzu kana hira da aljanun akwatin nan? Zainabu, ki yi haƙuri, mu muka ba ki shi a haka.”

Daga nan ya ja kujera ya ce in nuna masa. Bai fahimci ko rabin abin da nake faɗa ba, amma malami ne, ya san yadda ake yi wa mutum tambayar da za ta sa ya ci gaba. In ya dawo wata Asabar sai ya ce, “Yaya aka ƙare da wancan da ya ƙi buɗewa?” Ita kuwa Yaya Rabi ranar Alhamis take zuwa cin kasuwar Dole, ta sauka gidanmu da ƙullin kuka da zogale, su wuni ita da innarku suna yi da ni ina ji.

A shekarar ne wata ƙungiya ta 'yan asalin yankinmu ta ba ni aiki mafi girma da na taɓa samu. Sun gina gidan kwanan ɗalibai a cikin gari domin yaran ƙauye da suka gama firamare, su sami wurin zama su ci gaba da karatu. Wuraren kaɗan ne, don haka sai an yi jarrabawa, wadda muke ce wa konkur, a Mirriya. Dokarsu kuwa mai tsauri ce: wanda sunansa ba ya cikin jeri ba ya zama, kuma a shekarar da yaro ya gama aji shida kaɗai ake karɓarsa. Suka ce in yi musu shafin da shugabannin makarantu za su shigar da sunaye daga garuruwansu, a huta da takardun da ke ɓacewa a mota. Na yi shi cikin wata biyu, kaina ya yi girma. Abin da na yi a ciki shi ne wannan, ku karanta a hankali. Na san rezon ƙauye, wato layin intanet, yana da nauyi, ban so malamai su gaji da jira su ce aikina ba ya sauri. Sai na tsara shafin yadda da an danna maɓallin aikawa, alamar kore za ta fito da kalmar “an karɓa”, ba tare da jiran amsar sarbar ba. Na ce a raina in saƙo ya faɗi a hanya ai zan gani, na ƙara layi ɗaya: “Habu, saƙo bai tafi ba.” A konsol na sa shi. Ban tsaya na tambayi kaina a kan allon wa zai fito ba, kuma ban yi wa malaman wurin da za su duba jerin sunayen da suka iso ba.

Ranar konkur yara goma sha huɗu suka hau mota daga Dogo tun da sassafe, wasu da iyayensu, an yi musu aski da kitso, kowa da bironsa sabo. A ƙofar ɗakin jarrabawa aka karanta jeri, aka kira biyar, aka rufe ƙofa. Tara suka tsaya a ƙarƙashin tsamiya har rana ta take, Mushe Lawali yana kai da kawowa yana roƙon masu tsaro, su kuma suna nuna masa takarda. Abin da ya ƙara dagula lamarin, cikin biyar ɗin da suka shiga akwai ɗan ƙanensa, akwai kuma 'yar mai gari. Kafin motar ta koma Dogo magana ta riga ta isa: Mushe ya zaɓi nasa da na manya, ya zubar da 'ya'yan talakawa.

Bayan kwana huɗu aka kira taro a ofishin ƙungiyar. Shugabanta Alhaji Mutari, tsohon ɗan kasuwa mai magana a hankali, yana zaune a tsakiya, iyayen yara uku sun zo a madadin sauran, ni kuma ina gefe da kwamfutata a cinya.

“Mushe,” in ji Alhaji Mutari, “ka ce goma sha huɗu ka aiko, mu biyar muka gani. Ina sauran?”

“Alhaji, wallahi da yatsun nan nawa na buga su. Biyar da safe kafin a shiga aji, tara da rana bayan an tashi daga lakwal. Duk wanda na buga sai ta yi mini kore, ta ce an karɓa. Ga Habu nan, shi ya ƙera abin, a tambaye shi.”

Da murmushi ya faɗi sunana, kamar wanda ya hango ɗan garinsu a tashar baƙin wuri. Alhaji Mutari ya juyo gare ni.

“Malam Habu, abin nan naka yana iya cewa ya karɓa alhali bai karɓa ba?”

Maimakon in amsa sai na buɗe kwamfutar, na fito da konsol, na ce su matso su gani. Na buga wani suna na ƙage, na aika. Rezon ofishin mai ƙarfi ne, eriya tana nan bayan katanga. Ƙananan layuka suka zubo ɗaya bayan ɗaya: na karɓi suna, na aika, ya isa. Na sake, suka sake zubowa. Dattawan nan ba su san me suke kallo ba, amma rubutu mai gudu da kansa yana da kwarjini, na ga suna gyaɗa kai. A daidai lokacin ne na tuna da layin nan nawa. Ba zan ce muku daga baya na tuna ba, na gaji da faɗa wa kaina haka. A wurin na tuna. Na hango Mushe a ofishinsa na Dogo da rana tsaka, kore yana fito masa a sama, can a ɓoyayyiyar tagar da bai san da ita ba shafin yana kiran sunana sau tara. Amma ban tabbata ba, kuma da wannan rashin tabbas na lulluɓe kaina. Na dubi iyayen nan uku da idanunsu jajur, na tuna wannan ne karo na farko da manyan gari suka kira ni Malam Habu suka matsa mini wurin zama.

“Kun dai gani da idonku,” na ce. “Abin da aka buga yana zuwa.”

“Mun gani,” in ji Alhaji Mutari. “Amma amsa nake so. Tana ɓatar da suna, ko ba ta ɓatarwa?”

“Ba ta ɓatarwa.”

Mushe Lawali bai yi gardama ba. Ya dube ni na ɗan lokaci, murmushin yana nan a fuskarsa bai gama gushewa ba. Sannan ya ce, “Bon,” wato shi ke nan, ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya sa, ya yi wa dattawa sallama ya fita.

Alhamis ɗin da ta biyo Yaya Rabi ta zo, amma ba ta wuce zaure ba. Ta aika a kira ni. Na same ta a tsaye, mayafinta a ɗaure a ƙugu kamar mai shirin daka.

“Habu, ni na goye ka. A Dogo yanzu in mijina ya yi sallama a majalisa, rabi ne ke amsawa. Ka dafa Alƙur'ani ka ce mini akwatinka bai yi kuskure ba, in koma in ce masa shi ya manta, ya ba mutane haƙuri.”

Na fara yi mata bayanin gwajin da na yi a gaban kowa. Ta bar ni na yi ta zuba har na gama. Da ta ga ba zan rantse ba, kuma ba zan janye ba, sai ta leƙa ciki ta ce wa innarku sai wata rana. Ta ajiye ƙullin kukar a kan dakali ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Ba a kori Mushe Lawali ba, kada ku yarda da mai cewa an kore shi. Iyaye sun kai ƙara, manyansa na aiki suka ce za su mai da shi wani gari mai nisa. Shi ya ce ba zai tsaya gaban 'ya'yan mutane yana koya musu gaskiya ba alhali ana nuna shi da baki, ya ajiye alli ya koma Guna, garin mahaifinsa, ya kama noma. Ni kuwa aikin nan ya buɗe mini ƙofofi, aka riƙa nemana daga wurare. Ban taɓa samun aiki kamar na shekarar ba, ban kuma taɓa zama cikin kaɗaici kamar nata ba. Asabar ta zo ta wuce ba mai tsayawa a bakin ƙofata. Alhamis innarku takan dafa abinci da yawa bisa sabo, da yamma ta raba wa maƙwabta. Na daina fita majalisa, don duk wanda ya yaba mini sai in ji kamar ya san wani abu. Har hirar da nake yi da konsol ta fita raina, ina ganin sunana a ciki sai in kawar da kai.

Wata rana da zafi, an ɗauke wuta, na fito da kwamfutar inuwar tsakar gida ina aiki da ɗan cajin da ya rage. Innarku tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Ta ɗan leƙo allon.

“Wannan wa ke kiran sunanka a ciki?”

“Shafin ne. In wani abu ya lalace sai ya gaya mini.”

Ta tsince tsakuwa biyu ko uku ta jefar.

“To in a Dogo ya lalace, kai kana nan zaune, wa yake gaya wa?”

Ta ci gaba da tsintarta. Innarku aji huɗu ta yi a boko, amma a jimla ɗaya ta faɗi abin da na yi wata takwas ina kewayewa. Ina jin ta daɗe da sani, kunyata take ji.

Kafin lokacin shigar da sunaye ya zagayo, na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na gyara koren, ya daina fitowa sai amsa ta dawo daga sarbar. Na yi wa malamai wurin duba sunayen da suka iso. Sannan na kafa log, na sa shafin ya riƙe duk wata gazawa a cikinsa, da rezo ya dawo ya aika wa kundin, da rana da awa da sunan gari. Sati biyu kacal abin ya ɗauke ni. Ban gaya wa kowa ba, kuma in faɗa muku gaskiya, rabin zuciyata fata take kundin ya fito fes, in ce ashe dai Mushe ne ya manta. Da aka rufe shigar da sunaye na buɗe shi bayan sallar azahar, ni kaɗai a ɗaki. Daga Mirriya ba komai. Daga Dogo da Guna kuwa layuka ne a jere, saƙo bai isa ba, an sake, bai isa ba, an sake. Na bi awoyin da yatsa. Da safe komai yana wucewa lafiya. Daga tsakar rana zuwa la'asar rezon yana yankewa kusan kullum. Biyar da safe, tara da rana, haka ya faɗa a gaban dattawa, kuma haka kundin ya nuna mini ba tare da ya san shi ba. Na rufe ƙofa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Na buga shafukan a takarda na kai wa Alhaji Mutari. Ya sa tabarau ya duba, na yi masa bayani dalla-dalla, har da layin da na ɓoye a konsol.

“Wannan takarda ta bana ce,” ya ce. “Ta bara fa?”

“Babu, Alhaji. Bara ban ajiye komai ba.”

“To da me za mu wanke shi? In na tara mutane na ce musu wataƙila na'ura ce, gobe wa zai yarda da jerinmu? Ka dai gyara ko?”

Na ce na gyara.

“Alhamdu lillahi. A bar shi a haka, Malam Habu.”

Ya miƙo mini takardar. Ban ji haushinsa ba, don abin da ya faɗa gaskiya ne. Kundi daga ranar da aka buɗe shi yake fara shaida. Abin da shafin ya faɗa a Dogo bara ya shafe tun lokacin da Mushe ya rufe kwamfutarsa ya tafi sallah.

Takardar ta yi damina guda a aljihuna. Kullum sai in ce sai hanya ta bushe. Da kaka ta yi, dalilai suka ƙare mini, na hau motar Guna. Na sami Mushe Lawali a gona yana ɗaure damin gero, ya rame, hannayensa sun yi kaushi. Ya amsa sallamata da kyau, ya tambayi iyali, amma Malam Habu ya kira ni, bai ce ƙanen mata ba. Na ba shi takardar. Ya goge hannu a riga, ya bi layukan da yatsa a hankali kamar yana gyaran jarrabawa.

“Aiki mai kyau,” ya ce. “Rana, awa, gari. Haka ya kamata a yi.” Ya ninke ta ya ba ni. “Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar nan a biro, ka san abin yana iya faruwa?”

“Na sani.”

Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ja igiyar damin ya ƙulle.

“Ni ban so ka ce laifinka ne ba, Habu. Cewa kawai za ka yi ba ka sani ba, da ya ishe ni. Je ka gaida yayarka, tana gida.”

Yaya Rabi ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Da na fito da takardar ta karɓa ta juya ta gaba da baya, don ba ta karatun boko.

“Ina sunansa a ciki?”

“Babu, Yaya.”

“Na yaran tara fa?”

“Su ma babu. Ta bana ce.”

“To riƙe abinka. Mu nan gidan ba mu taɓa buƙatar takarda ba. Bakinka aka tambaya ranar nan, da baki ka faɗa. In kana da abin gyara, ka je Dogo ka gyara da baki.”

Juma'ar da ta biyo na je Dogo. Na roƙi liman ya ce wa jama'a su dakata bayan an sallame, na tsaya a ƙofar masallaci cikin rana. Na ce ni ne na ƙera shafin da aka shigar da sunaye bara. Na ce yana nuna kore ko saƙo bai tafi ba, kuma na san da haka ranar da aka tambaye ni, na ce ba ya ɓatarwa. Na ce Mushe Lawali bai zubar da ɗan kowa ba, ni na zubar da su, kuma ni na bari aka shafa masa laifin. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban jama'a ba. Da na gama wani mutum mai faci a kafaɗar riga ya ce nasa yaron yana Agadas yana dakon kaya, ya tambaye ni ko yanzu za a karɓe shi. Na ce a'a, shekararsa ta wuce. Ya ce to, ya sa takalmansa. Mutane suka fara watsewa biyu-biyu, uku-uku. Ina tsaye ina jiran ko wani zai zage ni, don da zagi ya fi mini sauƙi. Sai na ji wani dattijo yana ce wa na kusa da shi, bai ma rage murya ba:

“Mijin yayarsa ne fa. Me kake so ya ce?”

Ranar da na yi masa ƙarya ba wanda ya tuna mijin yayata ne, kowa ya yarda da ni nan take. Na zauna a bakin hanya ni kaɗai har la'asar kafin in sami motar komawa gari.

Mushe Lawali ya ƙara shekara huɗu yana noma a Guna, Allah ya karɓi abinsa. Har ya rasu bai sake riƙe alli ba, kuma har yau akwai gidaje a Dogo da in an ambaci sunansa ake taɓe baki. Gwaggonku tana amsa gaisuwata da salla, amma ba ta sake taka zauren gidan nan ba, ni kuma ban ga fuskar da zan roƙe ta ba. Ba ni da takardar da zan nuna muku, kamar yadda ba ni da wadda zan nuna wa mutanen Dogo. Sai dai ku 'ya'yana ne, kun san ba abin da zan ƙaru da shi in na zubar da mutuncina a gabanku. Mijin gwaggonku ya buga sunayen nan goma sha huɗu, bai bar ko ɗaya ba.